Jinjina ga 'Yan Matan Sola na Jami'ar Bayero

A shekarar 2019 aka ƙaddamar da tashar wutar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero da ke Kano, ƙarƙashin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. Manyan baƙi sun sha tafi a ranar. Tawa jinjinar ta ɗalibai mata ce, waɗanda aka ba horo a kan aikin tun ana harhaɗa shi.

Sun sa hular kwano a kan mayafi, sun shiga fili da tsakar rana, suna koyon yadda ake jona farantan sola da inbata da batura, da yadda ƙurar hunturu ke rage ƙarfin wuta in ba a share farantan ba. A gidaje da yawa har yanzu ana ɗaukar aikin waya da lantarki na maza ne kawai. Su kuwa sun riƙe filaya da hannunsu.

Waɗanda suka dage a sa ɗalibai mata cikin shirin ma sun cancanci yabo, domin tashar tana buƙatar masu gyara da kulawa shekara da shekaru bayan 'yan kwangila sun tattara kayansu.