Rijiyar da ke ƙafewa: tsoffin katunan ƴan wasa a Amurka

A shekarar 2012, a garin Difayans na jihar Ohayo, wasu magada na share gidan kakansu sai suka tarar da kwali a ɗakin ajiya na ƙarƙashin rufi, cike da katuna wajen 700 na ƴan wasan besbol da aka buga wajajen 1910, sababbi ful kamar jiya aka fito da su. Irin wannan labari shi ne gishirin kasuwar tsoffin katuna, kuma shi ne ke ƙaranci kowace shekara, domin gidajen da suka rage ba a bincika ba kaɗan ne.

Abin da ƴan gwanjo ba su son faɗi shi ne, darajar waɗannan ƴan takardu daga asara ta fito. Kamfanin taba ne ya riƙa cusa katin Honus Wagner cikin kwalayen sigari tun 1909, aka dakatar da buga shi da wuri, yara suka yayyaga mafi yawan katunan zamanin, iyaye mata suka zubar da sauran. Na Wagner da aka sani a yau ba su kai ɗari ba. An sayar da guda a 2022 kan dala miliyan 7,25. A wannan shekarar katin Mickey Mantle na 1952 ya kai miliyan 12,6, alhali jami'in kamfanin Topps da ya tsara katunan ya ba da labarin cewa kwantansu a teku aka juye.

Da mutane suka farga a ƙarshen shekarun 1980, kowa ya shiga adanawa, kamfanoni kuma suka buga ba iyaka. Katunan wannan zamani yawancinsu ba su da wata daraja yanzu. Sai kamfanonin suka koma ƙirƙirar ƙarancin da gangan, suna buga kati guda tak da lamba a jikinsa. A ganina wannan caca ce, babu tarihi a cikinta.

Inda kaya ya yi wuya kuwa, algus kan shigo. Katin Wagner mafi shahara, wanda Wayne Gretzky da abokinsa suka saya a 1991, an yi ta yaba kyawun gefunansa sama da shekara ashirin. A 2013 dillali Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa shi ya datse su.