Masu Koya wa Wuta Haƙuri

Wanda ya bi hanyar da ta fita daga Sakkwato ta nufi Tambuwal, ya ratsa Bodinga ya wuce Shagari a watan Afrilu, ya san darajar ruwan sanyi. Zafi kan haura digiri 40, kuma a gidaje da yawa firji ɗaya shi ne jari: ƙanƙara, zoɓo, kunun aya. Abin da ya fi cutar da wannan jari shi ne wuta ta ɗauke ta dawo nan take, iskar cikin bututu ba ta lafa ba, injin firjin ya yi ta yunƙurin tashi har ya ƙone. Haka ma famfon rijiyar burtsatse da aka kunna aka manta, tanki ya cika yana ta ambaliya. Maganin duka biyun ɗaya ne, wato makunnin da ya san lokaci. Masu gyaran rediyo da suka iya haɗa shi da hannunsu, ina girmama su ƙwarai.

Zuciyar aikin wata 'yar baƙar aba ce mai ƙafa takwas, wadda ba ta kai farcen yatsa ba, ana kiranta 555. Hans Camenzind ne ya tsara ta a 1971 wa kamfanin Signetics na Amurka, kuma har yau ba a daina ƙera ta ba. A gefenta ana sa rezista da kafasita. Kafasita kamar randa ce, rezista kuwa siririn bututun da ke ɗura mata ruwa: in bututun ya matse ko randar ta yi girma, cikar sai ta jinkirta. Da an danna maɓalli, ƙafa ta biyu ta taɓa ƙasa, ƙafa ta uku ta saki wuta, famfo ya tashi. Kafasita na cika sannu a hankali, ƙafa ta shida na lura da ita, tana kaiwa kashi biyu cikin uku sai a yanke wutar. In firji ne, sai a juya tsarin, ya jira tukuna sannan ya kunna.

Lissafin bai da tsawo. A ninka rezista da kafasita, sannan a ninka da 1.1. Rezista mai om 470,000 da kafasita mai maikurofarad 470 za su ba da daƙiƙa 243, kusan minti 4, daidai hutun da injin firji yake so.

Wannan kowane ɗalibi zai iya haddacewa. Gwaninta tana farawa ne inda takarda ta ƙare. Irin waɗannan kafasitoci kan saɓa wa lambar da aka rubuta a jikinsu da kusan kashi 20 cikin ɗari, kuma zafi yana sa su yoyon wuta. Gwani ba ya yarda da lissafi har sai ya ajiye agogo a gabansa ya gwada da tsakar rana, lokacin da kwanon rumfa ya ɗau zafi. Yakan zaɓi kafasita mai tambarin digiri 105 ya bar mai 85, ya ƙara rezistar da ake murɗawa don ya daidaita mintunan. In aka ce masa ana son awa guda, ba zai tilasta wa 555 ba, sai ya ɗauko 4060 mai ƙirga bugu.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da mai saye ba zai taɓa gani ba. 555 ba ta iya ɗaukar wutar gida mai bolt 230, don haka ana sa rile a tsakani, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa, a gitta masa dayod, domin duk lokacin da rile ya saki yakan mayar da naushin wuta da zai iya kashe tiransistar da ke kunna shi. Famfo babba kuwa ya fi ƙarfin ƙaramin rile, sai an haɗa da babban rile da ake kira kwantakta. Injin da ke tashi yana girgiza wutar layi har makunni ya kunna kansa ba wanda ya taɓa shi, shi ya sa za ka ga an liƙa wata 'yar kafasita dab da ƙafa ta takwas da ta ɗaya.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta masu aiki da batirin sola. Suna haɗa rile ta yadda da zarar an danna maɓalli zai riƙe wa da'irar wutarta, lokaci na cika ya saki, ya kashe famfo ya kashe kansa. Daga nan ba ya shan komai a batir har sai wani ya sake dannawa. A ƙauyen da batir ɗaya ke ɗauke da fitila da cajin waya da famfo, wannan tanadi yana da muhimmanci, kuma kuɗin da ya ƙara bai wuce na ɗan guntun waya da ɗigon dalma biyu ba.