Sake karanta «Les Alhazai de Maradi»: arziki, al'ada da hukuma

Littafin da Emmanuel Grégoire ya wallafa a ORSTOM cikin 1986 ya zama madogara ga mai son sanin yadda ƴan kasuwar Maraɗi suka bunƙasa. Sau da yawa ana fitar da hukunci guda daga cikinsa, wato al'adar Bahaushe ce ta haifi nasararsu. A ganinmu littafin bai faɗi haka kai tsaye ba, amma ya bar ƙofar a buɗe, kuma ta wajen kalmomi ya bar ta.

Mu ɗauki «arzikin mutane». Marubucin ya yi daidai da ya sa dangantakar ubangida da baransa a tsakiyar nazarin: da amana ake ba bara kaya ya ƙetare iyaka, ba da takarda ba. Sai dai «richesse» ba ta ɗauke duk nauyin «arziki». A bakin Bahaushe arziki ya haɗa dukiya da sa'a da rabo. Ana cewa mutum «ya yi arziki», ana kuma cewa abu «arzikinsa ne», kamar dai ya zo ya iske shi. Idan alhaji ya bayyana samunsa da wannan kalma, ladabi ne yake yi, yana kuma rufe bakin mai tambaya. Wanda ya ɗauki amsar a matsayin bayani zai manta da tambayar wa ya ba da izni, wa ya ba da bashi. (Fassarar Ingilishi ta 1992 ta ƙara «traditional» cikin taken, kalmar da babu ita a na Faransanci.)

Alhali shaidar da ke cikin littafin ta hukuma ce. Kamfanonin Turawa ne suka fara ba su kuɗin sayen gujiya. Bayan kafa SONARA a 1962, sai wanda aka amince da shi ke saye. BDRN ta ba da rance. Babbar dabararsu kuwa, fiton taba sigari da atamfa zuwa Najeriya, ta tsaya ne a kan yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970, da hanin shigo da kaya da Najeriya ta yi, da kasancewar sefa na canjuwa a waje, naira kuwa ba haka ba. Amana ta sa kayan suka isa lafiya; ribar kuwa daga bambancin dokokin ƙasashen biyu ta fito.

Abin da ya biyo baya ya gwada wannan. BDRN ta rushe a 1990, an karya darajar sefa a Janairun 1994, Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Ubangida da bara suna nan yadda suke, ciniki ne ya riƙa tashi yana faɗuwa. Muna roƙon ɗalibanmu masu zuwa kasuwa da rakoda su rubuta amsoshin da Hausa tukuna, su lura da inda «arziki» ke fitowa da tambayar da ta jawo ta, kafin su fassara.