Fatalwa ko Iska? Tsokaci a Kan Labaran Tsofaffin Gine-ginen Kano

Abu ne mai sauƙi mai nazarin adabin baka ya jera labaran tsofaffin gine-ginen Kano da na Hasumiyar Landan, inda ake cewa Anne Boleyn, wadda aka fille wa kai a 1536, tana gilmawa da dare. A ganina, wannan kwatanci bai zauna ba. Labarin Landan na fatalwa ne, watau mamacin da aka zalunta ya ƙi kwanciya. Bahaushe kuwa ya fi bar wa fatalwa makabarta. Kango da ganuwa da kuka, iskoki ya ba.

Mu dubi Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908. An ce an kewaye Tsumburbura da garu, ba mai shiga sai Barbushe, wanda duk ya kutsa kuwa ya mutu. Babu mamaci mai neman fansa a nan. Abin da labarin ke tsaro shi ne ƙofa, da ikon mai riƙe da ita. Shi ya sa marubucin, wanda alƙalaminsa na fada ne, ya ɗauki rushe garun da Sarki Tsamiya ya yi a ƙarni na 14 a matsayin cin yaƙi, ya kuma daɗe yana bayaninsa.