Tafiyar Nisan Duniya a Kan Babur: Nazari a Kan Tarihinta da Ma'abotanta

Tun zamanin da Ibn Baɗuɗa ya bar garin Tanja a shekarar 1325, bai komo ya zauna ba sai bayan shekara kusan talatin, ma'abota ilmi sun san rihla fanni ce mai zaman kanta, sun kuma lura cewa abin da matafiyi ya hau yana da hannu cikin abin da idonsa zai gani da irin labarin da zai komo da shi. Wanda ya bi ayari ya san rijiyoyi da zanguna da halin madugu, wanda ya shiga jirgin ruwa ya san tashoshi da iskoki, alhali kuwa mai jirgin sama yakan ƙetare ƙasashe goma bai gaisa da mutum guda daga cikin mutanensu ba. Shi mahayin babur sha'aninsa dabam ne, domin ba shi da rufi, ba shi da bango, ba ya iya ɗaukar guzurin da zai wadace shi, kuma ko yaushe yana cikin bukatar wani ya sayar masa da mai, wani ya nuna masa hanya, wani ya ba shi wurin kwana. Abin da nake son tabbatarwa a wannan nazari shi ne, daga wannan rauni darajar al'adar ta fito, kuma duk lokacin da aka rage raunin sai fa'idar tafiyar ta ragu tare da shi.

A shekarar 1885 ne Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ɗora inji a kan wani keken katako a ƙasar Jamus, sa'an nan a 1894 kamfanin Hildebrand da Wolfmüller na birnin Munik ya fara ƙera babur domin sayarwa. Ba a cika shekara goma da wannan ba sai wani saurayi, George Wyman, ya tashi daga San Faransisko ranar 16 ga Mayu, 1903, da niyyar ratsa Amurka daga wannan teku zuwa wancan, a kan abin da a yau ba za a kira shi ba sai keke mai ɗan inji, wanda bel na fata ke juya ƙafarsa ta baya. Da yake babu hanyar kirki a jejin yammacin ƙasar, sai ya riƙa bin layin dogo, yana tuƙi a kan katakan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin ƙarfen, jijjiga tana kwance masa kusoshi tana tsinka masa wayoyin ƙafa, shi kuwa yana ɗaurawa yana ci gaba. Da injin ya mutu sarai, saura kimanin mil 150 ya isa, sai ya ƙarasa da feda, ya shiga Niyok ranar 6 ga Yuli. Bayansa Carl Stearns Clancy, ɗan shekara 22, ya fara daga Dablin a watan Oktoba na 1912 a kan babur ƙirar Henderson, ya bi ta Turai da Arewacin Afirka da Silan da Japan, yana shiga jirgin ruwa inda ƙasa ta ƙare, yana biyan bukatunsa da kuɗin labaran da yake aika wa wata mujalla, har ya komo Niyok a Agustan 1913 bayan kimanin mil 18,000. Shi ake lissafawa farkon wanda ya kewaya duniya a kan babur.

Waɗannan na farko jihadinsu da ƙarfe da laka ne, kuma mas'alar da suke son warwarewa ita ce ko na'urar za ta iya. Amma ba a daɗe ba sai ga wasu sun ɗauki tafiyar ta zama hujja a kan wata da'awa da ta shafi mutane. A 1915 Effie Hotchkiss ta ɗora mahaifiyarta Avis a kujerar gefe ta Harley-Davidson, suka je San Faransisko daga Niyok suka komo, kuma an ruwaito cewa da faci ya ƙare musu a jeji sai suka yayyanka bargo suka cusa cikin taya. A shekarar da ta biyo, 'yan'uwa biyu, Augusta da Adeline Van Buren, suka yi mil 5,500, kowace a kan nata babur, domin su nuna wa hukumar soja cewa mace tana iya aikin kai saƙo a fagen fama. 'Yan sanda suka tsare su a hanya saboda sun sa tufafin maza, kuma duk da sun kai, sojan bai karɓi hujjar ba. Mafi tsanani daga wannan shi ne halin Bessie Stringfield, baƙar fata, wadda ta yi ta ratsa Amurka ita kaɗai tun daga shekarun 1930, a zamanin da masaukai da yawa ba sa karɓar mai irin launinta, har takan kwana a kan baburinta a gidan mai in ba ta sami iyalin da za su sauke ta ba. Daga nan mai hankali zai fahimci cewa wahalar hanya iri biyu ce, akwai wadda Allah ya halitta cikin duwatsu da rairayi, akwai kuma wadda 'yan Adam suka ƙaga wa junansu.

Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu ne al'adar ta yi reshe. Wasu 'yan Hangari biyu, Zoltán Sulkowsky da Gyula Bartha, sun shafe shekara takwas, daga 1928 zuwa 1936, suna yawon duniya. Robert Fulton, Ba'amurke, ya bar Landan a 1932 a kan babur ƙirar Douglas ya nufi gabas har Japan. Max Reisch ya tashi daga Biyana a 1933, da abokinsa Herbert Tichy a baya, suka kai Indiya a kan ƙaramin Puch. Sai dai wajibi ne a faɗi abin da ya sauƙaƙe musu, wato mulkin mallaka, domin Baturen wancan zamani yana iya tafiyar wata da watanni bai fita daga ƙarƙashin tutar Ingila ko ta Faransa ba, duk inda ya sauka akwai barikin soja ko gidan jami'in mulki da zai karɓe shi.

A cikin tafiye-tafiyen wancan zamani akwai wadda ta bi ta ƙofar gidanmu. Ranar 11 ga Disamba, 1934, wasu matan Ingila biyu, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan a kan babur ƙirar Panther mai kujerar gefe, yana jan 'yar tirela da suka loda wa mai da ruwa da tanti. Suka ƙetare teku zuwa Aljeriya, suka faɗa Sahara ta In Salah da Tamanrasset, inda nauyin kayan yakan sa ƙafafun su nutse cikin yashi, sai an sauke kaya, an tona, an tura, sa'an nan a koma a kwaso abin da aka bari a baya. Injin ya lalace, suka yi zaman jira a Agadas har aka sāke haɗa shi, kana suka gangaro ta tsohuwar turbar da ayarin Azbin suka daɗe suna bi, suka shigo Kano, daga nan suka karkata gabas ta tsakiyar Afirka, suka isa Keftawun a ƙarshen Yulin 1935, bayan kimanin mil 13,500. Sannu ba ta hana zuwa. Abin lura a nan shi ne, turbar da jaridun Turai suka ɗauka abin al'ajabi ce don mata biyu sun bi ta, fatake da Buzaye sun yi ƙarnuka suna bin ta da raƙuma, ba wanda ya rubuta sunayensu.

Bayan yaƙi na biyu sai manufar ta sāke juyawa, ta koma neman sanin mutane da sanin kai. A farkon 1952 wani ɗalibin likita ɗan Ajantina, Ernesto Guevara, da abokinsa Alberto Granado suka fita a kan tsohon Norton, wanda bai wuce ƙasar Chile ba ya mace musu. Suka ci gaba a ƙafa da bayan manyan motoci da kwalekwale, suna kwana tare da ma'aikatan haƙar ma'adinai, suna hidima a wani sansanin kutare a Peru, kuma abin da ya gani na talauci bayan mutuwar baburin shi ya fi tasiri cikin abin da ya zama daga baya. A shekarun nan ne kuma Olabisi Ajala, ɗan Nijeriya, ya zaga ƙasashe masu yawa a kan ƙaramin babur, har Indiya da Tarayyar Sobiyet da Gabas ta Tsakiya, ya wallafa littafinsa An African Abroad a 1963, sunansa ya zama laƙabin duk mai yawan yawo a ƙasar Yarbawa. Amma wanda ya zama limamin marubutan wannan fanni shi ne Ted Simon, ɗan jarida, wanda ya bar Landan a 1973 yana da shekara 42, ya yi shekara huɗu a kan Triumph, ya ratsa ƙasashe 45 da kimanin mil 64,000, har aka tsare shi a Barazil bisa zargin leƙen asiri. Littafinsa Jupiter's Travels, na 1979, ya buɗe shi ne da ranar da mai ya ƙare masa a wata hanyar karkara a Indiya, ya zauna gindin itace yana jiran wanda zai taimake shi, zuciyarsa a natse, domin shekarun tafiya sun koya masa cewa taimakon yana zuwa, kuma tare da shi labari yake zuwa. Malamanmu na fiƙihu sun riga sun san wannan matsayi, tun da ibnus sabili, wato matafiyin da guzuri ya yanke masa, yana cikin mutum takwas da shari'a ta ba su rabo a zakka, ko da kuwa mawadaci ne a garinsu.

Daga tsakiyar shekarun 1970 na'urar ta fara rinjayar hanya. Yamaha ta fito da XT500 a 1976, BMW ta fito da R80 G/S a 1980, babura masu jure rami da yashi. Thierry Sabine, Bafaranshen da ya taɓa ɓata a hamada a kan babur, ya kafa tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara ranar 26 ga Disamba, 1978, ya bi ta Agadas da Yamai. Tsere kuwa kishiyar rihla ne, domin mai tsere ba ya tsayawa, ƙauyukan da ya keta ƙura kawai suke samu, wani lokaci har da gawar yaron da aka banke. Sai kuma zamanin ƙidaya, wanda Emilio Scotto na Ajantina ya kai shi matuƙa da kilomita 735,000 cikin shekara goma, daga 1985 zuwa 1995. A 2004 'yan wasan kwaikwayo biyu, Ewan McGregor da Charley Boorman, suka tafi Niyok daga Landan ta Kazakistan da Mongoliya da Saibiriya, da masu ɗaukar hoto da motocin agaji a bayansu, shirin talabijin ɗin ya yaɗu, tafiyar ta zama haja: ana sayar da babur ɗinta, da tufafinta, da akwatunanta, har da kamfanonin da za su shirya wa mutum kasadarsa su ajiye masa ɗaki a kowane zango. Ba na musun himmar waɗannan, ba kuma na cewa wahala ibada ce. Abin da nake cewa shi ne, wanda na'urar taswira ke nuna wa hanya ba ya tambayar kowa, wanda motar gyara ke bi ba ya zama a rumfar bakanike, kuma a wannan tambaya da wannan zama ne magabatansa suka sami abin da ya cancanci a rubuta.

Akwai kuma aibi guda da ya bi wannan fanni tun farkonsa, shi ne karkatar riwayarsa. Tarihin da ke hannunmu na waɗanda suka sami mawallafi ne da jarida, kuma mafi yawansu daga ƙasashen da fasfonsu ke buɗe ƙofofi suke. A yau da kwalta ta yawaita, babbar katangar da ta rage ita ce biza, da takardar lamunin kwastan wadda ake ajiye kuɗi mai nauyi kafin a samu, domin a tabbatar mutum ba zai sayar da baburinsa a ƙasar da ya shiga ba. Waɗannan kuwa sun fi tsananta a kan ɗan Afirka. Shi ya sa tafiyar Kunle Adeyanju daga Landan zuwa Legas, daga 19 ga Afrilu zuwa 29 ga Mayu, 2022, domin tara gudummawar yaƙi da cutar shan inna, ta ja hankalin jama'a ƙwarai. Haka nan ba a lissafa dubban masu ratsa ƙasashe a kan ƙananan babura domin fatauci ko neman abinci, waɗanda da za a auna tafiyarsu da ta wasu mashahuran, la'alla tasu ta fi. Su kuwa maƙeran da suka ɗinke karyayyen ƙarfe, da masu facin bakin hanya, da matan da suka ɗebo ruwa suka ba baƙo, a littattafan nan sukan wuce babu suna, alhali ba don su ba da babu tafiyar da ta kai ƙarshe.

Hukuncin da wannan tarihi na shekara ɗari da ashirin ya bayar, a ganina, shi ne cewa ba a auna matafiyi da yawan mil, ana auna shi da abin da ya fahimta na mutanen da ya bukace su. Saboda haka ina kira ga samarinmu masu sha'awar wannan hanya, in Allah ya hore musu fita, su riƙe alƙalami kamar yadda suke riƙe sifana, su rubuta da harshensu abin da suka gani, su kuma ambaci duk wanda ya taimake su da sunansa da garinsa, domin wannan haƙƙi ne da magabatan fannin suka tauye, kuma biyansa ya rataya a wuyan na baya.