Abin da Kyamara ke Yankewa a Fadamun Accra

Hoton tsuntsun ruwa da ake ɗauka a bakin tekun Accra yana da ƙa'idar da ba wanda ya rubuta, amma kowa na bin ta: tsuntsu a tsakiya, ruwa kwance a ƙarƙashinsa, bayansa a dushe. Wanda ya gani a waya zai rantse a dokar daji aka ɗauka. Alhali da mai kyamarar ya ɗan karkata hannu, da an ga robobin ruwan sha, da tsohuwar taya, da katangar bulo da wani ya tayar a cikin fadama. Da wannan yankan gefe nake da magana.

Al'adar kallon tsuntsaye ba tamu ba ce tun asali. A Ingila da Amurka ta yi ƙarfi, lokacin da ake karkashe tsuntsaye irin su balbela don ƙawata hulunan mata da gashinsu. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta Ingila don yaƙar wannan ciniki aka kafa ta a 1889. A Ghana kuwa wani ɗan farin tsuntsun teku mai cin kifi ne ya jawo ta. Yana ƙyanƙyasa a Turai, yana zuwa cin rani nan, yaran masunta kuma suna ɗana masa tarko a yashi. A 1985 aka fara shirin ceton tsuntsayen gaɓa, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta jagoranta, shi ne kuma ya farfaɗo da ƙungiyar Ghana Wildlife Society. Ƙidayar tsuntsayen da suka yi ta yi ce ta ba da hujjar sanya fadamu biyar ƙarƙashin yarjejeniyar kare fadamu ta Ramsar a 1992: Keta, Songor, Sakumono, bakin kogin Densu da Muni-Pomadze. Da ƙirge aka fara, hoto daga baya ya biyo.

Tafkin Sakumono yana tsakanin Accra da Tema, hanyar bakin teku ce ta raba shi da igiyar ruwa. Mai son gani sai ya yi asubanci, ya sami tudu, ya ba rana baya, ya yi shiru. Daga Satumba baƙi suke cika wurin, ƙananan tsuntsaye masu dogon baki da suka taso daga arewacin Turai da Sibiriya, suna caccakar laka ba hutawa. Akwai wani baƙin zalɓe da ya fi kowa dabara. Zai yi taku biyu, ya ware fikafikansa gaba ya rufe kansa ruf kamar laima, ƙananan kifi su ruga inuwar, shi kuwa ya tsince su. Daƙiƙa kaɗan ne ya buɗe, ya matsa, ya sake. Wanda ya taɓa ganin wannan ba zai ƙara tambayar abin da ke sa babban mutum ya yini yana kallon tsuntsu ba.

Hoton da ya fi amfani a wannan fage sau da yawa ba shi da kyan gani. Masu bincike suna sa wa wasu tsuntsaye zobba masu launi a ƙafa, kowane da tsarinsa. Idan wani ya ɗauki ƙafar a gaɓar Ghana, ko da hoton ya ɗan yi hazo, ana iya gane tsuntsun da aka kama a Girinlan ko Holan, a san hanyarsa da shekarunsa. Irin wannan aiki an daɗe ana yinsa a Esiama, can yammacin ƙasar. A ganina wannan ya fi hotuna ɗari na zalɓe a hasken almuru, domin yana faɗa wa mutane abin da ba su sani ba.

Batun hoton kada daban ne.   Mai son hotonsa arewa yake nufa, Paga, kan iyakar Burkina Faso, garin da 'yan Zango masu fataucin shanu da tumatur suka sani sarai. Can a tafkin garin ana kiran kada da kukan ɗan tsako, ya fito tudu, baƙo ya tsuguna ya riƙe wutsiya, a ɗauka. Duba hoton da kyau: labarin jarumtar mai riƙon wutsiya yake bayarwa, kadan kayan ado ne. Mutanen Paga sun yi imani kadojin suna da alaƙa da ruhin kakanninsu, shi ya sa ba a kashe su. Mu ba mu da wannan aƙida, amma tilas mu yarda tafkin nan ya tsira saboda akwai masu ganin nasu ne. Haka shamuwa take sheƙa a tsakiyar garuruwan ƙasar Hausa ba yaron da ke jifanta.

Ga inda abin ya shafe mu. Babbar gwatar da ta ratsa tsakanin unguwannin Nima da Maamobi tana gangarawa kogin Odaw, shi kuma ya juye a tafkin Korle. Duk bolar da aka saki daren ruwan sama, da sunan ruwa zai tafi da ita, can take sauka. Korle ba ya cikin biyar ɗin nan na Ramsar, kuma duk wanda ya bi ta gadarsa da hanci a buɗe ya san halin da yake ciki. Ranar 3 ga Yuni, 2015, da Odaw ya tumbatsa, gobara ta haɗu da ambaliya a gidan mai na unguwar Circle, aka rasa rai kusan 150. Fadama ita ce mazubar ruwan gari. Idan aka toshe ta da shara ko aka cike ta da bulo, ɗakunan talakawa ruwan yake komawa. Sakumono ta kama wannan hanya, hukumomi sun sha rushe gine-gine a cikinta, ana sake tayarwa. Hoton da ya ɓoye katanga yana taimakon mai katangar ne, ko mai ɗauka bai nufa ba.

Kyamara mai dogon baki tsada gare ta, kuma ba kasafai za ka ga ɗan Zango a cikin masu riƙe ta ba. Amma hoton da ake buƙata yanzu mai faɗi ne, kuma wayar da ke aljihun kowane saurayi a Nima ta ishe shi. Malaman makarantunmu na boko da na Islamiyya, ku ɗebi yara ranar Asabar ɗaya tsakanin Oktoba da Disamba ku kai su Sakumono. Su ƙirga tsuntsaye, su rubuta kwanan wata, su ɗauki zalɓen tare da katangar da ke bayansa.