Lauyan da Ke Iya Tsayawa a Kowace Kotu

A ce wani ɗan kasuwa ya rasu a Kano ya bar gidaje. Gida ɗaya ya jinginar da takardarsa a banki. Wani gidan kuma ƙanin marigayin ya shekara 15 a ciki, yana cewa kyauta yayansa ya ba shi. Kafin a yi sadakar arba'in sai ga yaron shago ya sayar da kaya ya riƙe kuɗin, magana ta kai wurin 'yan sanda. A wurin magada, tashin hankali ɗaya ne ya same su. A wurin doka kuwa shari'a uku ce: rabon gado a Kotun Shari'ar Musulunci, bashin banki a Babbar Kotu, cin amana a gaban majistare, kowace da dokarta da irin hujjar da take karɓa. Akwai lauyan da zai iya riƙe ukun nan gaba ɗaya, ya san wadda za a fara da wadda za a ɗan jinkirta, ya kuma san abin da in aka faɗa a wannan kotu zai cutar da magada a waccan. Irin wannan lauya ba shi da yawa, kuma aikinsa ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau.

A Ingila, inda muka gaji tsarin, aikin lauya kashi biyu ne. Akwai wanda ke zaune a ofis yana karɓar jama'a yana shirya takardu, akwai kuma barista mai tsayawa gaban alƙali. A Najeriya an haɗe su. Wanda ya yi shekara biyar yana karanta doka a jami'a, ya ƙara shekara ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi, ko a hedikwatarta da ke Bwari ko a rassanta irin na Bagauda da Yola, yana fitowa da izinin yin aikin biyu, kuma babu kotun da aka hana shi shiga. Izini dai an ba kowa. Iyawar ce sai wanda ya sha wuya a kanta.

Mutane da yawa suna zaton gwanintar irin wannan lauya ita ce haddace dokoki. Ba wanda zai iya haddace dokokin Najeriya, ba a kuma buƙatar hakan. Abin da ya ƙware a kai shi ne sanin abubuwan da ke canzawa daga wannan kotu zuwa waccan, ya kuma bincika su tun kafin ya buɗe baki.

Na farkonsu hurumi ne. Tun 1962, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, Kotun Ƙoli ta kafa ƙa'idar cewa duk hukuncin da kotu ta yanke ba tare da hurumi ba rusasshe ne, komai kyawun yadda aka gudanar da zaman. Sai a yi shekaru ana fafatawa, a kira shaidu, a kashe kuɗi, a yi nasara, sannan a je ɗaukaka ƙara a ce tun farko ba wannan kotu ya kamata a je ba. Rikicin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki na Kotun Ma'aikata ne. Harajin gwamnatin tarayya da al'amuran kwastan na Babbar Kotun Tarayya ne. Gwanin lauya yana warware wannan tambaya tun ranar da aka kawo masa fayil.

Sai wa'adi, wanda shi ne ya fi kashe ƙararraki masu gaskiya. Ɗan takarar da ke ganin an yi masa maguɗi kwana 21 kacal gare shi daga ranar da aka bayyana sakamako ya shigar da ƙara, ita kuma kotun zaɓe kwana 180 gare ta ta yanke hukunci, kamar yadda sashe na 285 na kundin tsarin mulki ya tanada. Wanda jami'in gwamnati ya cuta a bakin aikinsa, a galibin lokuta wata uku doka ta ba shi. Kwana ɗaya ya wuce, magana ta mutu.

Nauyin hujja kuma a nan ne aikin ya fi daɗin kallo. A shari'ar laifi, mai gabatar da ƙara sai ya tabbatar da tuhuma har ba sauran shakka mai ma'ana, don haka aikin lauyan da ke kare wanda ake tuhuma shi ne ya nuna inda shakkar take. A shari'ar bashi ko fili, wanda hujjarsa ta ɗan rinjayi ta abokin shari'arsa shi ya ci. A Kotun Shari'ar Musulunci tsarin daban ne: alƙali zai fara tantance wane ne mai da'awa, a ɗora masa kawo shaidu, in ya kasa a juya ga rantsuwar wanda ya musa. Kafin hukunci kuma dole a yi i'izari, wato alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran abin faɗa, kuma kotunan sama sun sha rushe hukunci saboda an tsallake wannan mataki. Mu koma gidan da ƙanin marigayi yake ciki. Lauyan da ya karanta fiƙihun Malikiyya ya san hauzi, wato mallaka ta hanyar daɗewa da riƙe abu, na shekara 10 tsakanin bare yake aiki, tsakanin dangi kuwa malamai sun tsawaita shi har zuwa shekara 40. Zaman shekara 15 shi kaɗai ba zai ba ƙanin gida ba, sai ya kawo shaidun kyautar. Lauyan nan dai, in ya juya ga gidan da ke hannun banki, abin da zai fara nema shi ne ko an samu izinin gwamna kafin a yi jinginar, kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shar'anta, domin a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina da aka yi wa bankin Savannah saboda rashin wannan izini. Da safe yana buɗe littattafan fiƙihu irin su Tuhfa da Mukhtasar, da rana yana buɗe hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli, kuma ba ya cakuɗa ma'aunin wannan da na waccan.

Abin da ba ya canzawa, ko wace kotu aka shiga, shi ne iya tambayar shaida. Ƙwararre ba ya yi wa shaidar abokin hamayya doguwar tambaya, ba ya kuma ba shi filin bayani. Tambaya ɗaya, batu ɗaya.

"Alhaji, ka ce a gabanka marigayi ya yi kyautar?"

"Ƙwarai kuwa."

"A shekarar da aka yi gobarar kasuwa?"

"A shekarar ne."

"Alhaji, a wace shekara ka dawo daga zaman da ka yi a Sudan?"

Daga nan sai lauya ya zauna. Ba ya ƙara cewa to ashe ƙarya kake yi, domin wannan ƙarin shi ne ke ba shaida damar gyara maganarsa. Zai ajiye amsar sai ranar jawabin ƙarshe. Wannan haƙuri, na sanin inda za a tsaya, shi ne abin da na fi girmamawa a aikin, kuma shi yake yi wa lauya amfani ko ma'aikacin banki ne a gabansa, ko ɗan sandan da ya binciki laifi, ko wakilin jam'iyya a rumfar zaɓe.

Wanda yake son ganin wannan gwaninta a jikin mutum ɗaya, ya dubi rayuwar Cif Gani Fawehinmi. An haife shi a Ondo ranar 22 ga Afrilu 1938, ya karanta doka a Landan cikin ƙuncin rayuwa bayan rasuwar mahaifinsa, ya fara aikin lauya a Najeriya a 1965. Jama'a sun fi tuna shi da gwagwarmaya da gwamnatocin soja da zaman kurkuku, har da na Gashuwa da na Bauchi. Wannan suna ya rufe wani abu da lauyoyi suka sani sarai: mutumin gwanin sana'a ne, kuma kusan babu fannin da bai taɓa ba.

A 1973 aka kama wani ɗan jarida, Minere Amakiri, a Fatakwal, aka aske masa kai aka yi masa bulala saboda labarin koken malaman makaranta da ya fito a ranar bikin haihuwar gwamnan soja na jihar Ribas. Gani ya ɗauki maganar a matsayin ƙarar neman diyya kan duka da tsarewa ba bisa doka ba, kotu kuma ta ba ɗan jaridar naira 10,000. Bayan kashe Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, da bam a cikin ambulan ranar 19 ga Oktoba 1986, sai ya shiga dokar shari'ar laifuka, ya kai har Kotun Ƙoli, wadda a 1987 ta amince cewa yana da hurumin neman a gurfanar da waɗanda yake zargi. Ba a taɓa samun kowa da laifin kisan ba, amma ƙofar da hukuncin ya buɗe wa ɗan ƙasa ta shiga tarihin doka. Bayan tsare shi a 1996 ya kafa hujja da Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam, a 2000 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa yarjejeniyar doka ce da kotunan Najeriya za su yi aiki da ita. A 2002 ya koma dokar zaɓe, a ƙarar da ke ɗauke da sunan Alhaji Balarabe Musa, inda kotu ta soke yawancin sharuɗɗan da hukumar zaɓe ta gindaya wa sababbin jam'iyyu. Jam'iyyu 30 ne suka samu rajista kafin zaɓen 2003.

Amma shari'ar da ta fi nuna yadda kansa yake aiki, a ganina, ita ce ta ɗaliban Jami'ar Maiduguri. A watan Fabrairu 1983 aka yi tarzoma a jami'ar, aka yi ƙone-ƙone da ɓarna, hukuma ta kafa kwamitin bincike, aka kori wasu ɗalibai. Lauya mai gaggawa da sai ya tsunduma cikin musun ko wane ɗalibi yana wurin ko ba ya wurin, musun da ba shi da ƙarshe. Gani ya bar wannan, ya ɗaga tambayoyi biyu. Wa ya shugabanci kwamitin? Mataimakin shugaban jami'ar ne, wanda shi kansa yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, ga shi ya zama mai bincike a kan abin da aka yi masa. Me ake zargin ɗaliban da shi? Ƙone-ƙone da sata da duka, waɗanda laifuka ne a dokar ƙasa, kuma kotu ce kaɗai ke da ikon cewa wane ya aikata laifi. A 1986 Kotun Ƙoli ta ba ɗaliban gaskiya. Dubi yadda ya ɗauko ƙa'ida daga dokar laifuka, ya haɗa ta da haƙƙin sauraron adalci na kundin tsarin mulki, ya warware matsalar da kowa ke gani ta horon ɗalibai ce kawai. Wanda ya tsaya a fanni ɗaya da wuya idonsa ya kai nan. Har yau duk jami'ar da za ta kori ɗalibi, da duk ma'aikatar da za ta kori ma'aikaci bisa zargin laifi, sai lauyoyinta sun yi la'akari da wannan hukunci.

Sirrinsa karatu ne, ba wani abu ba. Ɗakin karatun ofishinsa da ke unguwar Anthony a Legas ya yi suna a tsakanin lauyoyi. A 1985 ya fara buga Nigerian Weekly Law Reports, mai kawo hukunce-hukuncen manyan kotuna mako-mako. Kafin nan, sabon hukunci kan daɗe bai isa hannun ƙaramin lauyan da ke Gusau ko Azare ba, manyan da ke kusa da kotunan ne ke cin moriyarsa. Mutumin da ke bin hukuncin fili da na banki da na kisan kai da na zaɓe kowane mako, dole ya riƙa ganin zaren da ya haɗa su. Duk da haka sai a 2001 aka ba shi lambar babban lauya ta SAN, bayan shekaru ana tsallake sunansa. Ya rasu ranar 5 ga Satumba 2009.

Akwai masu cewa zamanin irin wannan lauya ya wuce, yanzu zamanin ƙwarewa a fanni ɗaya ne. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya a harkar man fetur, jiragen ruwa da kasuwar hannun jari, inda manyan ofisoshin lauyoyi na Legas da Abuja ke ware wa kowane fanni mutanensa. Lauyan kirki ma yana cikin gwanintarsa ya san iyakarsa, ya ce wannan sai mu nemi wane. Amma manomin Dambatta da aka ƙwace wa gona, aka kuma kama ɗansa a rikicin gonar, ba shi da kuɗin ɗaukar lauya biyu. Bazawarar da ke neman haƙƙin marayunta a wurin dangin miji da kuma kuɗin sallamar mijin a ma'aikatarsa, mutum ɗaya take iya zuwa wurinsa. Yawancin jama'armu irin wannan lauya suke buƙata, kuma shi ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin shari'a a garuruwanmu.

Saboda haka, mai karatu, in matsala ta same ka kada ka jira sai ta ruɓe. Je wurin lauya da wuri, ka tafi da kowace takarda komai ƙanƙantarta, ka faɗa masa har abin da ba ka so a ji. Ka kuma tambaye shi wace kotu ce ke da hurumi, kwana nawa suka rage maka, wa kuma doka ta ɗora wa kawo hujja. In ya amsa maka su dalla-dalla, ko ya ce ka ba shi zuwa gobe ya duba littafi, to riƙe shi.